Yadda Ake Bin Sawun Dafin Kwalara: Daga Samfurin Majiyyaci Zuwa Ƙwayar Gado

Ƙwayar bakteriyar da ke kawo amai da gudawa, wato Vibrio cholerae, tana da rukuni sama da 200, amma biyu kaɗai aka sani da tayar da annoba: O1 da O139. Sauran suna zaune a cikin ruwa, wasu su sa mutum zawo na kwana ɗaya ko biyu, wasu ba sa yin komai. Abin da ya raba su yana cikin ƙwayoyin gadonsu, kuma aikin mai bincike shi ne ya nuna wace ƙwayar gado ce ke aikata me. Aikin hawa-hawa ne, kowane hawa tambaya guda yake amsawa. Yawancin kura-kuran da ake gani a rahotannin ɗalibai, har da wasu maƙaloli da aka buga, suna faruwa ne inda aka ɗora wa mataki ɗaya amsar da ba tasa ba.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Annobar da duniya ke ciki yanzu, ta bakwai, ta tashi daga Sulawesi ta Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A 2021 Najeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Abin da kake nema, kafin ka taɓa faranti

Abu biyu ke sa ƙwayar ta yi kisa. Na farko dafi ne, wanda ƙwayoyin gado biyu, ctxA da ctxB, ke ɗauke da tsarin ƙera shi. Dafin yana da ɓangaren A guda ɗaya da ɓangaren B guda 5. B shi ke maƙalewa a jikin wani sinadari mai suna GM1 a bangon ƙaramin hanji, A kuma ya shige ciki ya danne makunnin da ke sarrafa sinadarin cAMP, ya bar shi a kunne. Daga nan gishiri ya riƙa fita daga jiki zuwa cikin hanji, ruwa ya bi shi. A mai tsanani mutum kan zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Sambhu Nath De ne ya nuna akwai wannan dafi a 1959 a Kalkata, ta hanyar ɗaure wani yanki na hanjin zomo ya zuba ruwan da aka tace ƙwayar daga cikinsa.

Na biyu wasu siraran gashi ne a jikin ƙwayar, ana kiransu TCP, waɗanda tcpA ke ƙera ginshiƙinsu. Da su take haɗuwa da 'yan uwanta ta kafu a hanji. Ba tare da su ba, abin da ke ratsa ciki zai wanke ta.

Ga inda batun ya yi daɗi. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa ctxA da ctxB ba asalin kayan bakteriyar ba ne, wani bairas ne mai kama bakteriya, CTXφ, ya shigo da su ya dasa kansa a cikin DNA ɗinta. Ƙofar da bairas ɗin ke shiga kuwa ita ce TCP. Ita ma tcpA tana zaune ne a wani yanki da ya shigo daga waje, VPI-1. Saboda haka ƙwaya tana iya zama O1 amma babu dafi, kuma wadda ke da shi tana iya rasa shi. Shi ya sa ba a wadatuwa da sanin suna da rukuni.

Mataki na 1: samfur

A ɗauki bayan gida kafin a ba majiyyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada a ɗebo daga bokiti ko fo da aka zuba wa kulorin, domin a sansanin masu kwalara kusan komai an wanke shi da kulorin, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya kashe ƙwayar. Ya fi kyau a tara kai tsaye a mazubi mai tsabta, ko a yi amfani da tsinken auduga ta dubura.

Idan ba za a shuka cikin awa 2 ba, a soka tsinken har ƙasan kwalbar Cary-Blair, wato haɗin da ke raya ƙwayar a hanya, a karya saman, a rufe. Inda babu Cary-Blair, ana jiƙa 'yar takardar tacewa da ruwan gudawar, a sa a kwalba mai murfi tare da ɗigo 2 ko 3 na ruwan gishirin asibiti don kada ta bushe. Bushewa ce babbar abokiyar gabar wannan ƙwaya. Kada a daskarar da samfur a firiza.

A rubuta lamba, rana, unguwa ko ƙauye, shekaru, da ko an sha magani. Sunan majiyyaci ba ya bin samfur zuwa teburin bincike. Izinin kwamitin ɗa'a na asibiti ko jami'a ya zo kafin samfur na farko. Kwalara kuma cuta ce da ake kai rahotonta, don haka duk wanda aka tabbatar, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya sani a ranar, ba sai an gama rubuta kundi ba.

Kariyar kai: rigar aiki, safar hannu, babu ci babu sha a ɗakin gwaji, babu zuƙar fifet da baki. Kulorin kashi 2 cikin 100 ga bayan gida da amai, kashi 0.2 ga tebur da ƙasa. Duk farantin da aka gama da shi ya shiga otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, a digiri 121.

Mataki na 2: shuka da tace ƙwayar

Ana yin hanya biyu a tare. Ta farko, a shafa samfur kai tsaye a farantin TCBS, abincin shuka mai zaɓar Vibrio. Ta biyu, a sa shi a ruwan fefton mai kanwa-kanwa, wanda ake haɗawa da giram 10 na fefton da giram 10 na gishiri a lita 1 ta ruwa, a daidaita pH tsakanin 8.4 da 8.6. Samfurin kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ruwan. A ajiye a digiri 35 zuwa 37 na awa 6 zuwa 8.

Awa 6 zuwa 8 ɗin nan ba ado ba ne. Vibrio ta fi sauran ƙwayoyin hanji saurin hayayyafa a wannan ruwa, amma idan aka bar shi ya kwana, sauran za su cim mata su rufe ta. Idan dole ya kwana, a ɗebi kaɗan a awa 18 a sake sawa a sabon ruwa na wasu awa 6 zuwa 8. Wajen ɗiba, kada a girgiza kwalbar. A taɓa saman ruwan kawai da zoben waya, nan ƙwayar ke taruwa saboda tana son iska.

TCBS ba a sa shi a otokilef. A tafasa shi har ya narke, ya huce zuwa kusan digiri 50, a zuba. Wanda ya dafa shi a otokilef zai ga launi ya canja, sakamako ya rikice. A bar farantan su sha iska kafin shuka, a kuma yi amfani da su cikin 'yan kwanaki. Kowane sabon gwangwani a gwada shi da ƙwayar da aka riga aka sani, domin ingancin TCBS yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga haɗi zuwa haɗi.

Bayan awa 18 zuwa 24 za a ga tsiro, wato tarin ƙwayar da ya fito a faranti, rawaya, mai sheƙi, ɗan shimfiɗaɗɗe, faɗinsa milimita 2 zuwa 4. Rawayan ya zo ne daga cin sukarin da ke cikin farantin. Kore ko shuɗi-shuɗi yawanci Vibrio parahaemolyticus ce. Amma rawaya ba hukunci ba ne: Vibrio fluvialis da Vibrio alginolyticus su ma rawaya suke, wasu Aeromonas kan fito, Enterococcus kuma kan yi ƙananan ɗige-ɗige rawaya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yin gwaji kai tsaye daga TCBS. Tsamin da ƙwayar ta yi a farantin yana ɓata gwajin oksides, tsiron kuma yana danƙo har ya rikita gwajin rukuni. A ɗauki tsiro 3 zuwa 5, kowane a mayar da shi farantin da ba ya zaɓe, kamar TSA ko aga ta gama-gari, a jira aƙalla awa 6, mafi kyau har gobe. Daga nan:

Oksides. A ɗauki tsiro da tsinken itace a goga a takardar da aka jiƙa da sinadarin. Launin shunayya cikin daƙiƙa 10 shi ne e. Zoben waya na nikurom yana ba da e na ƙarya.

Gwajin zare. A dama tsiro a ɗigon sodiyam diyoksikolet kashi 0.5. Ruwan zai washe ya yi yauƙi, idan aka ɗaga zobe zare ya biyo. Wannan ke raba Vibrio da mafi yawan Aeromonas.

Rukuni. A dama tsiro a ɗigo biyu na ruwan gishiri a kan gilashi. Ɗaya a sa masa antisiram na O1, ruwan gwajin da ke dunƙule O1, ɗaya a bar shi haka. A jujjuya gilashin na daƙiƙa 30 zuwa minti 1. Idan mai antisiram ya yi gudaji, ɗayan bai yi ba, O1 ce. Idan duka biyu suka yi gudaji, ƙwayar ce ke dunƙulewa da kanta, gwajin bai ce komai ba. Wadda ta zama O1 sai a gwada ta da Ogawa da Inaba, rassan O1, wadda ba ta zama ba a gwada O139.

Kada a ɗauki sauyi daga Ogawa zuwa Inaba a matsayin shaidar sabuwar ƙwaya ta shigo gari. Lalacewar ƙwayar gado guda, wbeT, ita ke mayar da Ogawa Inaba, kuma hakan kan faru a tsakiyar annoba ɗaya.

Mataki na 3: ajiya

A ajiye tun ranar da aka tabbatar. A kankare tsiron kwana ɗaya a zuba a ruwan reno na TSB mai gilisarol kashi 15 zuwa 20, kwalba biyu ga kowace ƙwaya, a digiri 70 ko 80 ƙasa da sifiri. Ajiye faranti a firij ba ajiya ba ce, Vibrio ba ta jure sanyin firij a kan faranti, cikin ɗan lokaci sai a tarar ba ta tashi. Maimaita shuka duk mako kuma yana tara sauye-sauye a DNA, har wata rana ka zo kana nazarin ƙwayar da ba ita ta fito daga majiyyaci ba.

Inda wuta ba ta tsayawa, narkewa da sake daskarewa suna kashe ajiya a hankali. A nan ya fi aminci a soka ƙwayar cikin aga mai ɗan tauri a kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa a ɗaki, sannan a aika kwafi zuwa wurin da firizarsa ke da tabbas, kamar babban ɗakin gwaji na NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, da ke Gaduwa a Abuja, ko cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai.

Mataki na 4: PCR

PCR hanya ce ta ninka wani yanki na DNA har a iya ganinsa. Don PCR kawai, tafasawa ta isa wajen fitar da DNA. A ɗauki tsiro 1 ko 2 daga farantin da ba TCBS ba, a dama a maikurolita 200 na ruwa marar ƙwayoyi, a tafasa minti 10, a sa a ƙanƙara minti 5, a wulwula a santirifuj a ƙarfin 12,000 g na minti 5. Ruwan sama shi ne abin amfani. Cika hannu wajen ɗiban tsiro ya fi ɗiban kaɗan illa, saboda tarkacen ƙwayar yana toshe aikin. Kada a dogara da wannan ruwa ya daɗe: Vibrio tana fitar da sinadarai masu yanka DNA, Dns da Xds, don haka a yi aiki da shi a ranar ko a daskarar nan take.

Haɗin maikurolita 25 shi ne: 12.5 na haɗaɗɗen ruwan PCR mai ninki biyu, 1 na firaimar gaba (firaima guntun DNA ce mai nuna yankin da za a ninka) da 1 na ta baya daga mai ƙarfin maikuromola 10, 2 na DNA, 8.5 na ruwa. A haɗa na duka samfura a kwalba ɗaya, a ƙara kason mutum ɗaya saboda abin da ke maƙalewa a bakin fifet, a rarraba, sannan a sa DNA a ƙarshe.

Zagayen injin: digiri 94 minti 5, sai zagaye 30 na 94 daƙiƙa 30, zafin mannewa daƙiƙa 30, 72 daƙiƙa 45, a rufe da 72 minti 7. Zafin mannewa ya dogara ga firaima, galibi tsakanin 55 da 64, kuma a ɗauke shi daga ainihin maƙalar da ta ƙirƙiro firaimar. Kwafar jerin harufan firaima daga kundin wani, shi ma ya kwafo daga wani, ita ce hanyar da harafi ɗaya ke ɓacewa a yi wata uku ana zargin inji. Kafin a yi oda, a jefa jerin a manhajar kwatance ta BLAST a kan DNA ɗin N16961, sananniyar ƙwayar kwalara da ake awo da ita, a ga ya zauna inda ya dace.

Tambayoyin da za a yi, bi da bi:

ompW, don tabbatar da cewa Vibrio cholerae ce. Firaimar Nandi da abokan aikinsa ta 2000 tana ba da layi a jel mai tsawon harufan DNA 588.
Rukuni da dafi a haɗe, da tsarin Hoshino na 1998: O1 a 192, O139 a 449, ctxA a 308.
tcpA, da tsarin Keasler da Hall na 1993, wanda ke raba nau'o'in O1 biyu: El Tor na annobar yanzu, kusan 470, da tsohon nau'in kilasika, kusan 620.

Kowane gudu ya tafi da shaidu uku, wato samfuran da aka riga aka san amsarsu. Shaida mai ɗauke da abin nema: N16961 ga El Tor, O395 ko 569B ga kilasika, MO10 ga O139. Shaida wadda ba ta da shi, kamar E. coli ATCC 25922. Kada a zaɓi E. coli mai dafin LT a wannan gurbi, domin dafinta ɗan uwan na kwalara ne na kusa. Shaida ta uku ruwa zalla a madadin DNA.

A zuba jel na agaros kashi 1.5 zuwa 2, a gudu a bolt 100 na minti 45 zuwa 60, da tsanin awo mai hawa 100-100 a gefe. Idan da itidiyam buromaid ake rini, maikurogiram 0.5 a kowace mililita ya isa, da safar hannu, kuma ba a zubar da shi a kwata.

Karatun jel yana da ƙa'ida. Layi ya fito a ruwa zalla: an samu gurɓata, a zubar da sakamakon gudun duka, a buɗe sabbin kayan haɗi. Wannan kan faru idan a tebur ɗaya ake haɗa PCR ana kuma buɗe kwalaben da suka gama gudu, musamman da hunturu lokacin da fanka da ƙura ke yawo da komai. Shaida mai ɗauke da abin nema ba ta fito ba: duk "babu" da aka gani a gudun ba ta da ma'ana. Sau da yawa haɗaɗɗen ruwan ne ya mutu saboda ya sha narkewa, maganinsa a rarraba shi ƙananan kwalabe tun ranar da ya iso. Shafe-shafe a maimakon layi: DNA ta yi yawa ko zafin mannewa ya yi ƙasa, a surka DNA sau 10, a ɗaga zafin da digiri 2. Ɗan gajimare a ƙasa da 100 firaimomi ne suka manne wa juna, ba sakamako ba ne. Samfurin da bai nuna ctxA ba kuma bai nuna ompW ba, ba a ce masa marar dafi, sai dai a ce gwajinsa bai yi ba.

Abin da layin jel ke nufi

A nan ne ake yawan zamewa. An ɗebo ruwan rijiya ko na kududdufi, an samu Vibrio cholerae, an ga toxR da hlyA da ompU, sai a rubuta cewa an gano ƙwaya mai haɗarin annoba. Waɗannan ƙwayoyin gado kusan kowace Vibrio cholerae tana da su, har wadda ba ta taɓa shiga cikin mutum ba. Ganinsu bai wuce tabbatar da suna ba. Abin da ke nuna haɗarin annoba shi ne ctxA da tcpA a jikin O1 ko O139. Wadda ba ta da su tana iya sa zawo ta wasu hanyoyi, kuma hakan ya cancanci nazari, amma da sunansa.

Sai matsalar ƙirga. Idan ka tara ƙwaya 40 daga ɓarkewa ɗaya a gari ɗaya, mafi yawan lokaci zuriya ɗaya ce ka ɗebo sau 40. Cewa kashi 100 cikin 100 suna da wata ƙwayar gado, sannan a kwatanta da na ruwa a fitar da lissafin alaƙa, bai nuna ita ke kawo tsananin cutar ba. Duk abin da kakarsu ke ɗauke da shi za su gada, mai amfani da marar amfani.

Kuma samuwar ƙwayar gado daban, aikinta daban. Dafin ba ya fita sai jerin masu ba da umarni, ToxR da TcpP sannan ToxT, sun kunna shi. Don a ga ko ana ƙera shi, ana renon El Tor a ruwan AKI, wanda Iwanaga ya tsara, a digiri 37, awa 4 ba motsi sannan a girgiza har kwana, a auna dafin da ke ruwan sama da gwajin GM1-ELISA ko RPLA. Wanda ya rene ta a ruwan reno na yau da kullum ya ga babu dafi, bai gano komai game da ƙwayar ba, yanayin ne bai kunna ta ba.

Mataki na 5: karanta DNA gaba ɗaya

Ruwan tafasa ba ya yin wannan aiki. Ana buƙatar DNA da aka tace da kit, awon tsabtarta, wato rabon 260 da 280, tsakanin 1.8 da 2.0, a kuma auna yawanta da na'urar Qubit. A fara daga tsiro guda tak.

Idan sakamakon Illumina, injin karanta DNA, ya dawo, sauran aikin na manhajoji ne: a duba inganci da FastQC, a duba gurɓata da Kraken2, a haɗa guntayen da SPAdes, a auna da QUAST. Abin da ake sa ran gani: jimilla kusan harufa miliyan 4, rabon harufan G da C kusan kashi 47.5, kowane wuri an karanta shi aƙalla sau 30, gara ma 50. Ƙwayar tana da kuromosom biyu, ɗaya kusan miliyan 3, ɗaya kusan miliyan 1, kamar yadda aka gani a N16961 a 2000. Jimillar da ta kai miliyan 7 ko 8 tana nufin ƙwaya biyu ne a kwalba ɗaya.

Sai a nemi ƙwayoyin gadon cutarwa da ABRicate a kan rumbun VFDB, na bijire wa magani da ResFinder, a kuma fitar da lambar MLST, wato lambar zuriya. Zuriyar annoba ta bakwai galibi ST69 ce. A duba SXT, wani yanki mai yawo tsakanin ƙwayoyi wanda ke kawo bijire wa kotirimoksazol da wasu magunguna, amma a tabbatar da shi da gwajin faifan magani a faranti.

A kula da ctxB, domin tana ba da labarin asali: tubalan ginin ɓangaren B da take tsarawa suna bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Ta kilasika, ctxB1, tana da histidin a gurbi na 39 da tireyonin a na 68. Ta El Tor ta farko, ctxB3, tana da tairosin da aisoliyusin a waɗannan gurabe. Ita kuwa ctxB7, wadda ta yi suna bayan annobar Haiti ta 2010, kamar ta kilasika take sai dai asfarajin ya maye histidin a gurbi na 20. El Tor da ke yawo a shekarun nan tana ɗauke da ctxB1 ko ctxB7 ne, shi ya sa raba nau'i da tsofaffin gwaje-gwaje kaɗai ba ya gamsarwa.

Gargaɗi guda: yankin CTX, inda ctxA da ctxB suke, yana da sassa masu maimaita kansu, kuma gajerun karatun Illumina kan kakkarye a daidai nan. Idan manhaja ta ce babu ctxA alhali PCR ta nuna, a jera ɗanyen karatun kai tsaye a kan yankin kafin a yanke hukunci. Sanin kwafi nawa ne da inda suka zauna sai da dogon karatu irin na Nanopore.

Bishiyar dangantaka ba ta da amfani idan naka ne kaɗai a cikinta. A haɗa da na wasu ƙasashe da ke rumbunan jama'a. Da irin wannan kwatance ne François-Xavier Weill da abokan aikinsa suka nuna a 2017 cewa tun 1970 zuriyar annobar ta shigo Afirka daga Asiya aƙalla sau 11, kowace shigowa ta yi shekaru tana zagaya yanki.

Mataki na 6: tabbatar da laifi

Ce wa ƙwayar gado ita ce sanadin cuta yana da sharuɗɗa, waɗanda Stanley Falkow ya tsara a 1988 bisa tafarkin na Robert Koch. A same ta a masu cutarwa. Idan an cire ta, cutarwar ta ragu. Idan an mayar da ita, cutarwar ta dawo.

Sharaɗi na uku shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne mai raba gardama. Ƙwayoyin gadon bakteriya kan zauna a jere, ana karanta su da zare ɗaya. tcpA tana gaban dogon jeri, idan aka cire ta da garaje sai na bayanta su ma su yi shiru, a ɗora mata laifin da ba nata kaɗai ba. Don haka ake cirewa ta yadda tsarin karatun bai goce ba, a karanta DNA a tabbatar ba a taɓa wani wuri ba, a auna saurin girma a ruwan reno don a san ba rauni ne na gama-gari ba, sannan a mayar da lafiyayyen kwafi a ga ko aikin ya dawo.

Awon da aka fi amfani da shi gasa ce: a haɗa ta asali da wadda aka cire wa daidai wa daida, a ba jariran ɓeraye, washegari a ƙirga wacce ta kafu a hanji. Wadda ba ta da tcpA kan ragu ninki ɗaruruwa zuwa dubbai. A 1988 Herrington da abokan aikinsa suka nuna haka a jikin mutanen da suka ba da kansu: wadda aka cire wa tcpA ta kasa kafuwa. Cire ctxA kuwa ya kawar da gudawa mai kisa, amma wasu daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi sun ci gaba da sa ɗan zawo, abin da ya nuna akwai wasu hannaye a cikin aikin. Daga wannan layi ne rigakafin CVD 103-HgR ya fito, wanda aka samo daga 569B, Amurka ta amince da shi a 2016.

Wannan mataki ba na mutum ɗaya a kusurwar ɗaki ba ne. Yana buƙatar amincewar kwamitin kariya na cibiya da na kula da dabbobin gwaji, kuma a Najeriya sauya ƙwayoyin gado yana ƙarƙashin dokar da ta kafa NBMA, hukumar kula da amincin fasahar sauya halittu, a 2015. Ɗakin gwajin da ba shi da waɗannan ya tsaya a mataki na 5, ya rubuta "tana ɗauke da" a inda bai kai ga "tana haddasa" ba, ya sa ɗanyen karatunsa a rumbun NCBI ko ENA tare da rana da wurin da aka ɗauki kowane samfur, domin wanda zai kwatanta ɓarkewar baɗi ya sami abin dubawa.